Haƙori Ɗaya Tsakanin Duza da Anka

Ni malamin makaranta ne, ba bakanike ba, kuma har na haura shekara arba'in a duniya abin da na sani game da injin mota bai wuce duba baƙin mai da zuba ruwa a lagireto ba. Don haka ba niyyata ba ce in ari bakin kanikawa in ci musu albasa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani yammaci na watan Oktoban 2021, ranar da haƙori ɗaya tak na wani faifan ƙarfe da ban taɓa gani ba ya tsayar da ni da mahaifiyata a tsakiyar daji, a kan hanyar Duza zuwa Anka, ga rana tana shirin faɗuwa, ga babu layin waya. Na daɗe ina ɗora alhakin abin a kan yaron da ya yi mini gyara. Sai daga baya na gane cewa rabona a cikin laifin bai gaza nasa ba, kuma irin wannan laifi masu mota da yawa suna aikata shi kullum ba tare da sun ankara ba.

Mai karatun da ba ɗan Zamfara ba, in ya taɓa jin sunan Duza, to a labarin gubar dalma ya ji shi. A shekarar 2010 aka gano cewa ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma da Bagega da garinmu. Yara fiye da 400 suka rasu. Waɗanda suka tsira, da yawansu mota ce ta kai su asibitin Anka, inda likitocin ƙungiyar MSF ke ba da magani. Tun a lokacin na ƙudura a raina cewa duk ranar da Allah ya hore mini sai na sayi mota, domin a yankinmu mota guda ita ce ta kai mai naƙuda asibiti, ita ce ta kai amarya, ita ce kuma ta dawo da gawa gida. Da matsalar 'yan bindiga ta yi ƙamari, sai aka sami wata doka da babu wanda ya rubuta ta amma kowa ya haddace: daga Anka har Gummi da Bukkuyum, mai hankali ba ya bari la'asar sakaliya ta same shi a hanya.

A 2017 na sayi wata Corolla 'yar Kwatano, ƙirar 2004, mai giyar hannu. Ta yi mini biyayya iya biyayya, ni kuwa ban yi mata adalci ba. In lokacin juyen mai ya yi sai in ce a bari a yi albashi, in albashi ya zo sai wata lalura ta riga shi. Wani lokaci ma man da ake aunawa a kwalba a bakin titi nake ƙara mata, ban san asalinsa ba. Ana nan sai ta fara wata ƙara da asuba. Da na murɗa makulli sai in ji kacar-kacar kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, daƙiƙa biyu ko uku, sai ta yi shiru. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, amma ni kunnena ya ji, sai na ƙara muryar rediyo. Da ƙarar ta fara daɗewa na nuna wa wani matashin bakanike da ke da gareji a bakin titi. Ya saurara, ya ce tenshina ce ta gaji, wato ɗan ƙarfen nan da wasu ke kira ajasta, wanda ke tokare sarƙar cikin injin don kada ta yi sako-sako. Na ba wani direba saƙo ya sayo mini sabuwa a Gusau, na jefa ta a aljihun mota, na ci gaba da harkokina har mako uku.

A farkon Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, kuma a yankinmu rufewar ta ɗauki watanni. Muka koma zamanin saƙon baka. Ta haka wani ɗan garinmu ya iske ni a Anka da daddare ya ce Inna ba ta da lafiya, ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya. Washegari da sassafe na kai mota gareji, domin na ji tsoron shiga daji da wannan ƙara. Na ce wa yaron: “Ƙanena, kafin azahar nake son in kama hanya. Ka taimake ni.” Ya ce ai aikin noti biyu ne, ba zai ci minti talatin ba.

Gaskiya ya faɗa, domin a irin wannan injin daga waje ake kwance tenshina, ba sai an buɗe cikinsa ba. Ya kwance notin, ya zaro tsohuwar, ya nuna mini yadda ta saki, sannan ya tsallaka titi neman man shafa wa robar sabuwar. Kafin ya dawo sai ga wata babbar mota tana son shiga garejin, tawa kuma ta tare hanya. Yaran gareji uku suka sa hannu suka tura. Ta cije, domin a giya na bar ta. Suka ƙara ƙarfi, ta yi tsalle ta gusa kamar taku biyu, kafin ɗayansu ya leƙa ya cire giyar. Ina zaune a kan benci ina kallo. Abin da kawai na ce musu shi ne su yi hankali kada su goge mini fenti.

Ya dawo ya ɗaura sabuwar, ya ɗaure noti, ya murɗa makulli. Sai a karo na uku ta tashi, tana kakkarwa kamar mai masassara, ga wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Na ga fuskarsa ta canja. Ya ce: “Malam, ko mu buɗe sama mu duba?” Na tambaye shi zai ɗauki wane lokaci, ya ce kamar awa guda. Na ɗaga kai na dubi rana, na ce ba ni da awa guda. Sai ya yi abin da yaro ke yi in babba ya matsa masa, ya faɗa mini abin da nake son ji: “Sabon kaya ne, bai zauna ba tukuna. In ta yi tafiya za ta saki.” Kuɗin hannun da ya yanka mini ma sai da na rage kashi uku, ina cewa ai noti biyu kawai ya kwance.

Ba ta saki ba. A hanyar zuwa, duk ɗan tudun da a da take haurawa da giya ta uku sai da na koma ta ɗaya, ga warin ɗanyen fetur yana shigowa. Da ƙyar na isa. Muka kwantar da Inna a kujerar baya, ƙanwata ta riƙe ta, muka juyo. A wani kwari da ruwan damina ya tara yashi na sassauta ƙafa don in bi a hankali, sai injin ya mutu. Na murɗa, na sake murɗawa, har na ji batir ya fara ja da ƙyar. Na ɗauko waya bisa sabo, na tuna ba ta da amfani. Can nesa muka ji gurnanin babura, kuma duk wanda ya san yankinmu ya san abin da wannan sauti ke yi wa zuciya. Inna, wadda ba ta kiran sunana saboda ni ne ɗan farinta, ta buɗe ido ta ce: “Kai, lahiya dai?” Na ce: “Lahiya lau, Inna, hutawa take yi.” Ba ta ƙara magana ba, sai carbinta da na ji yana motsi.

Baburan suka bi wata hanya. Bayan kamar minti arba'in sai ga wasu manoma huɗu sun taso daga gona. Suka ajiye kayansu, suka tura mu daga cikin yashin zuwa kan tsandauri, na saka giya ta biyu na saki kuloci, ta tashi. Ban sake ɗaga ƙafata daga totur ba sai da na hangi Anka, ana kiran magariba. An kwantar da Inna, aka ce hawan jini ne ya taɓa zuciya, kuma cikin ikon Allah ta sami sauƙi. Amma waɗannan mintuna arba'in har yau ba su bar ni ba.

Kwana biyu bayan haka wani abokin aikina ya kai ni wurin wani dattijon bakanike da ke aiki a ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya, wanda kowa ke kira Baba. A kan Fijo 504 ya koyi sana'a, zamanin da ake harhaɗa ta a Kaduna. Bai taɓa motar ba sai da ya sa na ba shi labari daga farko. Da na zo wurin turin da yara suka yi, ina faɗa a matsayin abin dariya, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni: “Tana cikin giya sunka tura ta, tenshina na waje?” Na ce e. Ya girgiza kai ya ce wa yaronsa ya kawo sufana.

Abin da ya koya mini a wannan safiya zan yi ƙoƙarin faɗa da harshen ɗan aji. Injin motocinmu yana aiki ne da bugu huɗu, tsarin da Bajamushen nan Nikolaus Otto ya fito da shi a 1876: fistan ya sauka ya shaƙi iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya kunna wuta ƙarfin fashewar ya tura shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Ƙofofin da iska ke shiga hayaƙi ke fita su ne bawul. Abin da ke buɗe su wata sandar ƙarfe ce mai tozaye da ke kwance a saman injin, ana kiran ta kamshaf. Duk lokacin da tozo ya zagayo sai ya danna bawul ya buɗe, in ya wuce sifirin ya mayar da shi. Injina yana da irin wannan sanda guda biyu, ɗaya ta shigar iska, ɗaya ta fitar hayaƙi. A ƙasa kuma akwai kiranshaf, wadda fistan ke juyawa. Sarƙa ce ta haɗa ta sama da ta ƙasa, tana bin faifai masu haƙora kamar na keke, kuma an tsara haƙoran yadda kiranshaf za ta zagaya sau biyu kafin kamshaf ta zagaya sau ɗaya. Wannan daidaito shi kanikawa ke kira tayimin.

Mu ɗan yi lissafi. In injin yana juyi dubu uku a minti, kamar yadda yake yi a tafiyar babban titi, kiranshaf tana zagayawa sau 50 a daƙiƙa guda, kowane bawul kuma yana buɗewa ya rufe sau 25. In faifan kamshaf yana da haƙora 36, haƙori ɗaya ya zama digiri 10 a sama, wato digiri 20 a ƙasa. A irin wannan gudu, digiri 20 ya isa ya sa ƙofa ta buɗe kafin lokacinta ko ta makara wajen rufewa. Sai matsi ya ragu, ƙarfi ya tafi, mai ya fita bai ƙone ba, injin ya riƙa mutuwa da zarar an sassauta ƙafa. Abin da ya same ni ke nan. Kuma na yi sa'a, domin a injinan zamani da yawa wurin da bawul ke leƙowa in ya buɗe shi ne wurin da kan fistan ke kaiwa in ya hau. Lokaci ne kawai ke hana su haɗuwa. In sarƙa ta tsallake haƙora da yawa sai su yi karo. Baba ya jawo wani tsohon gwangwanin madara cike da bawul da suka lanƙwashe kamar ƙusoshin da guduma ta kuskure. Ya ce kowane ɗaya da labarinsa, kuma babu labarin da ya ƙare ba tare da an sauke kan injin ba.

Ita tenshina fa? Sarƙa ba ta zama a ɗame da kanta. Tana bi ta kan wasu takalma na roba mai tauri, tenshina kuma tana tura ɗaya daga cikinsu ya matse ta. Ƙarfin turin yana fitowa ne daga sifirin da kuma matsin baƙin mai, akwai kuma 'yan haƙora da ke hana ta komawa baya. Shi ya sa ƙarar ke fitowa da asuba, kafin mai ya hau, kuma shi ya sa gurɓataccen mai ke kashe ta, domin ƙofar da man ke shiga ƙanƙanuwa ce ƙwarai, datti kaɗan ya isa ya toshe ta. Nan Baba ya dube ni ta saman tabarau, ni kuma na dubi ƙasa. Da zarar an zare tenshina, sarƙa ta zama sako-sako, sifirin na bawul kuma suna nan suna tura tozayen kamshaf, suna neman juya ta. Ko ba a taɓa komai ba tana iya zamewa. In kuwa aka juya injin a wannan hali, kamar yadda turin mota a cikin giya ke yi, to an ba sarƙa izinin tsallake.

Ya cire murfin saman injin, ya kwance fulogi duka huɗu don injin ya yi sauƙin juyawa, ya sa sufana a kan babban notin fulen ƙasa, ya riƙa juyawa a hankali zuwa ɓangaren da injin ke bi in yana aiki. Ya tsaya daidai inda wata 'yar tsaga a bakin fulen ta fuskanci alamar sifiri da ke jikin murfin gaba. Wannan ne matsayin da fistan na farko ya kai ƙololuwa. Sannan ya kira ni: “Malam, taho ka gani da idonka. Wagga alama da waccan, kamata ya yi su dubi juna.” Na sunkuya. A jikin kowane faifan sama akwai ɗan ɗigo da aka buga tun daga masana'anta. Na ɓangaren hayaƙi yana daidai da bakin injin. Na ɓangaren iska ya ɗaga sama da abin da bai fi faɗin ƙwayar masara ba. Wannan ɗan tazara shi ne ya tsayar da mu a kwari.

Gyaran bai yi masa wuya ba. Ya sake zare tenshina, ya sa yaro ya riƙe kamshaf da sufana a wurin da aka tanada don haka, ya mayar da sarƙar kan haƙorinta. Ya matse bakin tenshina ya maƙale shi da ɗan ƙugiyarsa, ya ɗaura, ya ɗan juya injin baya kaɗan har ƙugiyar ta saki, ya juya gaba ya tabbatar ta tokare takalmin. Ni a zatona an gama, har na miƙa hannu zan ba shi makulli. Bai ko dube ni ba. Ya mayar da sufana kan fule ya fara juyawa, sannu a hankali, kunnensa a karkace, zagaye ɗaya, zagaye biyu, har tsagar ta dawo kan sifiri. Ya sake duba ɗigon nan biyu. Suna kallon juna. Ya ce dalilin zagaye biyu shi ne sai da su kamshaf ke cika zagaye ɗaya, kowane bawul ya buɗe ya rufe, sarƙa kuma ta miƙe ta zauna inda za ta zauna. Dalilin yin sa da hannu kuwa shi ne hannu yana jin in ƙarfe ya taɓa ƙarfe, sai ya tsaya. Makulli ba ya ji, shi dai ya murɗa. Ya ƙara mini da wani abu da ke ruɗa yara: sarƙa tana da 'yan zobba masu launi da ake daidaitawa da alamomin ranar da ake ɗaura ta, amma in an juya injin ba sa dawowa wurinsu a zagaye biyu, don haka a wannan mataki alamomin faifai ake dubawa, ba launin sarƙa ba. Daga ƙarshe ya auna matsin kowace silinda, ya ce bawul ba su taɓu ba. Na duba agogo. Juyawar da dubawar ba su ci minti goma ba.

Ina zaune a wurin sai na tuna masu aikin kwashe gubar dalma da suka zo Duza tsakanin ƙarshen 2010 da farkon 2011. Sukan auna ƙasar tsakar gida da wata na'ura ta hannu, a kankare, a kwashe, sannan su sake aunawa kafin a zuba sabuwar ƙasa. Mutanen gari suna ƙorafi cewa ana ɓata musu lokaci, ai ga shi kowa ya ga an kankare. Su kuwa ba su yarda da abin da ido ya gani daga nesa ba, sai abin da awo na biyu ya nuna. A wurinsu aiki bai ƙare ba sai an tabbatar. Na yaba musu a lokacin, amma da abin ya zo kan motata, ni ne na hana a yi awo na biyu.

Nan ne nake son mu masu mota mu dubi kanmu. Mun saba biyan kuɗin abin da muke iya riƙewa a hannu. In bakanike ya nuna mana sabon ƙarfe a kwali, za mu biya ko da muna gunaguni. Amma in ya ce zai ɗauki awa guda yana dubawa, kuma a ƙarshe wataƙila ya ce komai daidai ne, sai mu ga kamar ya ci kuɗinmu a banza. Wanda ya gama da wuri shi muke kira gwani, wanda ya tsaya tabbatarwa mu ce yana da nawa. Da wannan hali muke tarbiyyar yaran gareji. Yaron da ya yi mini aiki ya san ya kamata a buɗe sama, da bakinsa ya faɗa. Ni na koya masa cewa wannan sani ba ya kawo kuɗi, sai ma ɓacin ran mai mota. Kuskurensa shi ne bai kawo injin kan alama ba kafin ya zare tenshina, bai cire giya ba, bai kuma gargaɗi kowa ba. Nawa kuskuren shi ne na rufe ƙofar da za a gano nasa. Tun daga 2023, da aka cire tallafin mai darajar Naira kuma ta faɗi, kayan gyara sun yi tsadar da sauke kan injin sau ɗaya kan iya cinye albashin malamin makaranta na watanni. Rowar awa guda ba ta taɓa yin tsada irin ta yau ba.

Su ma kanikawa akwai magana a kansu. Baba ya ce Fijo 504 uwa ce mai haƙuri, kamshaf ɗinta guda ce a cikin jikin injin, sarƙarta gajera, wanda ya iya ta ya iya ta har abada. Motocin da ke shigo mana yanzu ba haka suke ba. Wasu suna da kamshaf huɗu da sarƙa fiye da ɗaya, kowace da tenshinarta. Wasu injinan Turai ba a dogara da ɗigo a jikin faifai, sai an sa wani ƙarfe na musamman an kulle kamshaf da kiranshaf kafin a taɓa sarƙa, kuma wanda ba shi da wannan ƙarfe kintace kawai yake yi. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da wurin da ake jona na'urar bincike, kuma lambar P0016 in ta fito tana nufin sama da ƙasa ba su jitu ba. Amma gareji nawa ne daga Anka zuwa Gummi ke da na'urar, kuma nawa ne ke da wanda zai fassara abin da ta nuna? Yaro yana shekara biyar ko shida a ƙarƙashin ubangidansa yana koyo da ido, abin da ubangidan bai taɓa gani ba shi ma ba zai gani ba. Ina ganin ƙungiyar kanikawa ta NATA da kwalejojin fasaha na jihar nan za su yi babban aiki in suka riƙa shirya bita ta 'yan kwanaki a hedikwatocin ƙananan hukumomi, da Hausa, da injin a gabansu, su kuma tanadi kayan kulle kamshaf da na'urar bincike da gareji-gareji za su riƙa aro. Ɗalibanmu da ke karanta injiniyanci ma suna iya fassara matakan aikin injinan da suka fi yawa a hanyoyinmu, kowane a takarda guda mai zane, a manna a bangon gareji. Ranar da aka rufe layi mun ga cewa ilimin da ke cikin waya kaɗai ba abin dogaro ba ne.

Kafin a kai ga wannan, mai mota yana da abin yi da ba ya bukatar ya san sunan ko da noti ɗaya. Kada ya kai gyaran da ya shafi sarƙar injin ranar da zai yi tafiya. Ya tambayi bakanike ko ya kawo injin kan alama kafin ya kwance. Ya tabbatar motar ba ta cikin giya, an kuma sa dutse a taya, makulli yana aljihunsa har a gama. In an ɗaura, ya ce a juya da hannu zagaye biyu a nuna masa alamomin. In ta tashi tana rawa ko fitila ta kama, kada ya yarda da zancen za ta saki a hanya. Sarƙar da ta tsallake ba ta komawa da kanta. Sannan ya biya kuɗin lokacin da aka ɗauka, da sakin fuska.

Bayan Inna ta koma gida na je wurin yaron nan. Na tafi da niyyar faɗa, amma da na gan shi kwance a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kaɗai a waje, sai na tsuguna na jira ya fito. Na ba shi labarin kwarin da abin da Baba ya nuna mini. Ya yi shiru, sannan ya ce: “Malam, wallahi raina bai kwanta ba da kuka tafi. Ka yafe mini.” Na ce shi ma ya yafe mini, na cika masa kuɗin da na rage. Bara, da lokacin canja sarƙar gaba ɗaya ya yi, wurinsa na kai motar, ranar Asabar da ba ni da tafiya. Da ya gama ɗaurawa ya sa sufana a kan fule ya kira ƙaramin yaronsa ya ce ya zo ya ƙirga. Yaron ya ƙirga ɗaya, ya ƙirga biyu, sannan su biyun suka sunkuya kan faifan, ni kuma na koma kan benci na jira.